Kwana huɗu daga Jifer zuwa Dakar a jirgin ruwa mai ƙyalle: abin da muka biya da abin da muka samu

Tun da muka dawo Damagaram, ni da maiɗakina, babu majalisar da na zauna a unguwar Birni ba a tambaye ni labarin jirgin ruwan da muka shiga a Senegal ba, domin hotunan da Hajiya ta tura wa ƴan'uwanta ta WhatsApp sun riga mu isowa gida. Mafi yawan masu tambayar labari kawai suke so, amma akwai mutum biyu ko uku, iyayen yara masu karatu a Dakar kamar mu, da suka ce suna da niyyar gwadawa idan sun je, kuma saboda su ne na ga ya kamata in rubuta abin dalla-dalla, da daɗinsa da rashin daɗinsa. Hukuncina tun farko shi ne kuɗinmu bai faɗi ƙasa banza ba, kuma matuƙin da aka haɗa mu da shi gwani ne mai amana, amma ofishin da ya sayar mana da tafiyar ya ɓoye mana abin da ya fi komai muhimmanci, wato halin iska a watan da muka zo.

Mun je Dakar ne a ƙarshen watan Oktoba don ganin ɗiyarmu da ke karatu a Jami'ar Cheikh Anta Diop, kuma ita ce ta samo mana wani ƙaramin kamfani da ke ajiye jiragensa a gaɓar Hann cikin Dakar, yana kai baƙi tsibiran Salum da ke bakin kogi kudu da birnin yana dawo da su. An ce mata ɗaya daga cikin jiragen ya sauke fasinjojinsa a Salum zai komo babu kowa, saboda haka za a yi mana rangwame: jaka 250 ta kuɗin sefa mu biyu, har da abinci, yini biyu da kwana ɗaya a kan ruwa. Muka biya, muka bi hanyar mota ta Mbur da Jowal har ƙauyen masunta na Jifer, inda jirgin ke jiran mu. Tsawonsa kamar mita 11 ne, yana da doguwar sanda guda a tsakiya da ƙyallaye biyu manya da iska ke turawa, da ƙaramin inji mai shan gazuwal, da ɗakunan kwana biyu ƙanana, da murhun gas, da banɗaki. Ma'aikatansa biyu ne: matuƙin, dattijo ɗan ƙabilar Serer daga tsibiran Salum, da wani saurayi mai taimaka masa da igiyoyi da girki. Da Faransanci muka riƙa magana da su.

Kafin mu hau, Hajiya ta ce ba za ta taka jirgin ba sai ta ga rigunan ceto da idonta, domin ba ta manta da labarin jirgin Joola ba, wanda ya kife a ranar 26 ga Satumba 2002 a kan hanyarsa daga Kazamans zuwa Dakar, mutum fiye da 1,800 suka rasu. Na lura da yadda matuƙin ya karɓi maganar, kuma daga nan na fara yarda da shi. Bai yi dariya ba, bai ce kada ta damu ba, sai ya shiga ciki ya fito da riguna shida ya jera su a gabanta, ya gwada mata ɗaya, ya ga maɗaurinta ya karye, ya ajiye ta gefe ya ba ta wata. Daga nan ya nuna mana rediyon kiran agaji da inda ake kashe gas, ya kuma gindaya mana sharaɗi cewa duk wanda zai tashi tsaye a saman jirgi sai hannunsa ɗaya yana riƙe da wani abu.

Mun fita teku ta wata babbar kafa da ke kudu da Jifer. Matuƙin ya nuna mana tsibirin Sangomar a gefe, ya ce da can haɗe yake da ƙauyen, doguwar ƙasa ce mai rairayi, sai a shekarar 1987 teku ya yanke ta a lokacin wata guguwa, kuma tun daga nan kafar take ƙara faɗi, ruwa yana cin gidajen mutane. Ga mutumin da ya tashi a garin da ake kwana ana jiran famfo ya kawo ruwa, ake kuma sayen jarka a hannun ƴan garuwa, ganin wurin da ruwa ne ke korar mutane daga gidajensu abu ne da ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya.

Daga Jifer zuwa Dakar kimanin mil 60 ne na teku, kuma kowane mil ɗaya mita 1,852 ne, wato duka tafiyar kamar kilomita 110, bai ma kai daga Damagaram zuwa Tanut ba. Jirgi irin wannan, idan ya samu iska mai kyau daga baya ko daga gefe, yana cin mil 5 a awa ɗaya, tafiyar awa 12 ke nan, kuma a kan wannan lissafin ne ofishin ya ce mana yini biyu sun isa har da hutu. Abin da ba su faɗa ba shi ne iskar arewa mai ƙarfi da ke kaɗawa a wannan gaɓar ta rani ce, daga wajen Nuwamba zuwa Mayu, a damina kuma iska daga kudu maso yamma take zuwa, shi kuwa Oktoba yana tsakani, waccan ba ta kankama ba, wannan ta janye. Mu ƴar iskar da muka tarar daga arewa maso yamma take fitowa, daidai inda muka dosa, ga shi kuma ba ta da ƙarfin da zai ɗaga mayafi.

Jirgi mai ƙyalle ba ya iya fuskantar iska gaba da gaba. Iyakar abin da zai yi shi ne ya karkata daga gare ta da kamar digiri 45, ya nufi cikin teku na wani lokaci, sannan a juya shi ya nufo gaɓa, a sake juyawa, kamar yadda raƙumi mai kaya ke hawan tudun rairayi a karkace, ya yi dama ya yi hagu. A lissafin takarda, kowane mil 10 da ka matsa gaba sai ka yi tafiyar mil 14, amma idan iska ta yi rauni jirgin yana zamewa gefe, sai abin ya doshi ninki biyu. Na'urar da ke nuna gudu ta yini tana nuna mil 2 a awa, wani lokaci ƙasa da haka. Akwai wata babbar kuka a bakin gaɓar Palmarin da muka fara hangowa bayan azahar, muka juya muka ba ta baya muka shiga teku, da muka juyo bayan kusan awa biyu sai ga ta nan, ta ɗan matsa kaɗan kawai. Hajiya ta dube ta ta dube ni, ta ce, "Alhaji, wannan ba ita ce kukar ɗazu ba?" Na ce, "Ita ce, Hajiya." Ba ta sake cewa komai ba, ta ci gaba da jan carbinta.

A nan ne raina ya ɓaci, na ce wa matuƙin ya tayar da inji mana. Ya buɗe wani akwati ya nuna mini jarka guda ta lita 20, ya ce ita ce duk gazuwal ɗin da ofis ya bar masa, kuma ba zai taɓa ta ba sai don shiga tashar Dakar, inda manyan jiragen kaya ke kai da komo, ko kuma idan wani haɗari ya taso, domin gaɓar tana da wurare marasa zurfi da ragar masunta ko'ina, kuma jirgin da ba shi da iska ba shi da mai, ruwa ne ke kai shi inda ya ga dama. Ya ce ya faɗa wa ofis tun kafin mu zo cewa yini biyu ba za su yi ba. A lokacin ban ji daɗin amsar ba, amma da na kwana a kanta na gane gaskiyarsa ce, kuma laifin na waɗanda suka karɓi kuɗinmu ne suna sane da watan da ake ciki, suka kuma yi wa ma'aikacinsu rowar mai.

Daren farko mun jefa anka nesa da gaɓar Jowal, garin da aka haifi shugaban Senegal na farko, Léopold Sédar Senghor, a 1906. Yini guda cur, mil 14 ko 15 kawai muka ci. Cikin ɗaki zafi ne da gumi, don haka muka shimfiɗa a saman jirgi, muna jin injinan kwalekwalen masunta suna wucewa cikin duhu, da yawansu babu fitila, saurayin nan kuma yana zaune da cocila yana haska ƙyallenmu duk lokacin da wani ya matso don a gan mu.

Wajen ƙarfe uku da rabi na dare na ji ƙarar sarƙar anka. Matuƙin ya ce in ɗaga fuskata in ji, sai na ji wata iska mai sanyi tana zuwa daga tudu, da ƙanshin ƙasa da hayaƙin kifi. Ya bayyana mini cewa da dare ƙasa ta fi ruwa saurin hucewa, sai iska ta gangaro daga tudu zuwa teku, da rana kuma idan ƙasa ta ɗauki zafi sai abin ya juye. Wannan iskar ta asuba daga gefe take bugun mu, ita ce kaɗai ke ba mu damar miƙewa sak zuwa arewa, kuma ba ta wuce hantsi. Tun daga ranar ya mayar da tafiyarmu ta asuba, kamar yadda ayarin Bilma ke cin hanya da sanyin safiya. Waɗannan awoyi huɗu ko biyar na kowace rana su ne abin da na biya kuɗi dominsa ba tare da na sani ba. Babu ƙarar inji, babu warin mai, sai sautin ruwa yana tsagewa a gaban jirgi da ɗan kukan igiya. Da na jefa guga don ɗebo ruwan alwala, sai na ga ruwan yana walƙiya cikin duhu kamar an watsa garwashi kore, har a kan hannuna; matuƙin ya ce wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, suna ba da haske idan aka motsa ruwan. Na tashi Hajiya ta gani, ta tsoma hannunta a gugan sau uku tana tasbihi.

Maganar salla ita ce inda wannan mutum ya fi burge ni, kuma ita ce tambayar da malamai biyu suka fara yi mini da na dawo. Alwala da ruwan teku babu matsala, hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya bayyana cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne, ga shi mun yi ƙasaru saboda nisan tafiyar. Wahalar tana ga alƙibla, domin jirgin da ake juyawa dama da hagu, wanda ya kabbarta yana kallon gabas zai iya sallamewa yana kallon kudu. Matuƙin, wanda shi ma musulmi ne, yakan duba kamfas ya nuna mana gabas da ɗan karkata zuwa arewa, sannan ya riƙe jirgin a kan hanya ɗaya. Rana ta biyu da la'asar mun matso gaɓa sosai kusa da ƙauyen Sarene, lokacin juyawa ya yi, na ga saurayin ya kama igiya, sai dattijon ya ɗaga masa hannu, ya ce mini, "Alhaji, ku yi sallarku a natse, ba zan juya ba sai kun sallame." Yana tsaye yana duban na'urar zurfi har muka idar, sannan ya ba da umarni. Wannan ba ya cikin takardar da muka sa wa hannu, kuma babu ofishin da zai iya koya wa ma'aikaci shi.

Abinci ya yi kyau a kwana biyun farko. Saurayin ya sayi kifi daga hannun wasu masunta da suka raɓo mu, ya dafa mana shinkafa da kifi irin tasu da suke kira cebujen, da kabeji da rogo da yalo, ya kuma iya shayi zagaye uku kamar na gida. Amma da yake ba a tayar da inji, batir ya yi sanyi, firjin ya mutu tun daren farko, naman kajin da aka tanada ya lalace aka zubar. Kilishin da muka taho da shi daga Damagaram don tsarabar ɗiyarmu, wanda Hajiya ta rage kaɗan a jakarta, shi ya rufa mana asiri a rana ta uku. Ruwan sha ma na kwana biyu aka loda, sai da muka tsaya a gaban garin Sali saurayin ya shiga ƙaramin kwalekwalen roba ya sayo ruwa da burodi, kuma daga aljihun matuƙin kuɗin suka fito, na mayar masa bayan ya yi ta ƙi.

Banɗakin matsattse ne ƙwarai, da hannu ake buga famfonsa, kuma dattijuwa mai ciwon gwiwa za ta sha wuya da matakalar shiga ciki. Rumfar inuwa ba ta rufe fiye da mutum biyu, sai da aka ɗaura wani zanen Hajiya a gefe don tare ranar yamma. Buta kuwa babu, mu muka yanke gorar ruwa.

Rana ta uku ita ce mafi tsanani. Mun wuce Mbur da safe a tsakiyar ɗaruruwan kwalekwale masu fenti kala-kala, matuƙin yana ta kauce wa alamun raga, waɗanda ba komai ba ne illa jarkoki da sanduna masu tsumma a kai. Da hantsi ya yi iskar ta ɗauke gaba ɗaya. Na ɗauka rashin iska hutu ne, ashe shi ne ya fi wahala, domin raƙuman ruwa masu tahowa daga nesa ba sa tsayawa, kuma jirgin da ƙyallensa ba shi da iska ba shi da abin da zai riƙe shi, sai ya yi ta tangaɗi, ƙyallen yana bugawa fat-fat, tukwane suna kaɗawa a ciki. Jiri da tashin zuciya suka kama Hajiya. Matuƙin ya hana ta shiga ɗaki, ya zaunar da ita a tsakiyar jirgi inda motsi ya fi sauƙi, ya ce ta kafa idonta a kan dutsen Popengin da ke gabanmu, ya ba ta lemun tsami ta riƙa shinshina. Shi kuwa bai zauna ba. Yana da wani ɗan zare da ya ɗaura a jikin wayar da ke riƙe da sandar jirgi, idonsa yana kansa, yana kuma duban inda fuskar ruwa ta yi duhu, alamar iska ta taɓa wurin. Da zaren ya motsa sai ya saki igiya kaɗan ko ya ja kaɗan, mu ɗan matsa tsawon filin ƙwallo, sannan a sake jira. Awa biyar muka yi a haka, ban ji ya yi tsaki ko sau ɗaya ba.

A rana ta huɗu bayan azahar Allah ya kawo iska daga yamma, mai ɗan ƙarfi, jirgin ya kwanta gefe ya miƙe, muka ga gudun mil 5 a karon farko. Muka wuce hayaƙin masana'antar siminti ta Rufisk daga nesa, muka ratsa tsakanin manyan jiragen kaya da ke jiran shiga tasha, tsibirin Gore da gidajensa masu jan fenti yana hagunmu, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya tun 1978 saboda tarihin cinikin bayi. A nan ne ya zuba gazuwal ɗin da ya yi ta tattali, kuma da na ga girman jiragen da muke bi ta gabansu na ƙara fahimtar dalilinsa. Mun isa Hann ana kiran magariba, ɗiyarmu tana tsaye a bakin ruwa, ta yi kwana biyu hankalinta a tashe duk da muna waya da ita duk lokacin da muka matso gaɓa.

Washegari da na je ofis don in faɗa musu ra'ayina, sai aka miƙo mini takardar neman ƙarin jaka 60 a kan kowace rana ta biyun da suka ƙaru. Na fito da takardar yarjejeniyarmu na nuna musu cewa babu inda aka rubuta haka, kuma ba mu muka roƙi ƙarin kwana ba. Maganar ta yi tsawo har sai da matuƙin ya shigo, ya faɗa a gabana cewa ya gargaɗe su tun farko, sannan suka janye. Ba su ba da haƙuri ba, kuma kuɗin ruwa da burodin da na biya babu wanda ya yi zancensu. Ganin likitan ido da aka yi wa Hajiya alƙawari a rana ta uku ya wuce mu, sai da aka sake mana wata rana, kuma da a ce tikitin jirginmu na komawa Yamai yana kusa, da asarar ta yi yawa.

Wanda yake so ya gwada, ya tambayi wata da alƙiblar tafiya kafin ya tambayi farashi. Ya sa a rubuta masa a takarda lita nawa na mai za a loda, da ruwan kwana nawa, da wanda zai ɗauki nauyin ranakun da suka ƙaru idan iska ta ƙi. Ya nemi magana da matuƙin da kansa, ba da mai karɓar kuɗi kawai ba, domin shi ne zai faɗa masa gaskiya. Ya bar aƙalla kwana uku tsakanin ranar da aka ce zai iso da duk wani alƙawari, ya sha maganin jiri tun kafin ya hau, ya tafi da hula mai faɗi da butarsa. Ban ba da shawarar a tafi da ƙananan yara ko tsoho mai rauni ba, kuma mai gaggawa ya hau mota, domin hanyar Jifer zuwa Dakar ba ta cin yini guda.

Da za mu rabu na ba matuƙin wata jakar fata ɗinkin Damagaram da na zo da ita, ya juya ta a hannunsa yana duban ɗinkin, ya ce a ciki zai riƙa ajiye takardun jirgi. Hajiya ce da kanta ta tambaye shi wane wata ne iska ta fi kyau, ya ce mata Janairu, kuma a taso daga Dakar a nufi kudu, iskar arewa tana bayanmu, a shiga cikin rassan kogin Salum a kwana inda ruwa yake kwance. Ta sa ɗiyarmu ta rubuta lambarsa, ta ce idan Allah ya kai mu hutun baɗi da shi za mu yi magana kai tsaye.